Tambur na Kwabo Ɗaya da San Huɗa

Tambur na farko da na taɓa ɓatawa na Dahome ne, shuɗi, da hoton masunci cikin kwalekwale. Na sa farce na ɓamɓaro shi daga jikin ambulan kamar mai ɓare gyaɗa, rabin bayansa ya tsaya a takardar. Mutumin da ke tsaye a kaina bai yi faɗa ba. Ya karɓa, ya ɗaga shi a rana, ya nuna mini inda haske yake ratsawa, sannan ya jefa shi cikin kwata. Da Hausarsa ta 'yan Malanville ya ce, "Ɗazu kuɗi, yanzu shara."

Ina gaya muku wannan ne domin ku yaran yanzu kuna wucewa ta gaban teburina, ku ga tsoho zaune da ƙananan takardu, ku ce ai wannan ba sana'a ba ce, mai salula a hannu ma ya iya: ya ɗauki hoto, ya tambaya, farashi ya fito. Tambur dai shi ne abin da 'yan uwanmu na Kamba suke kira kan sarki, wanda ake liƙa wa wasiƙa. Da yawanku ba ku taɓa lasar bayansa ba. Sunana Garba, a Gaya an fi sanina da Garba Tambur, kuma na haura shekara arba'in ina duba tsofaffin tambur ina faɗar abin da suka kai.

Ba da wannan na fara ba. Da na bar lekol, wato makarantar boko, sai na samu ɗan tebur da bik na rubutu, na zauna ƙarƙashin itacen bedi a gaban gidan waya ina rubuta wa mutane wasiƙu. Matan da mazansu suka tafi Kumasi, manoman Tanda da 'ya'yansu ke Abidjan, direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da ke jiran takardun duwan, wato kwastan, duk wurina suke zuwa. In amsa ta iso, ni ne mai karantawa. Mutum ya ninke wasiƙarsa ya sa aljihu, ambulan kuwa ya yar a gindin teburina. To, duk ranar kasuwa sai wani dattijo ya ƙetaro gada a kan keke, da hular ƙwallo da tabarau, ya durƙusa yana tsintar ambulan ɗin nan yana zubawa a jaka. Mutane suna cewa asiri yake yi da sunayen jama'a. Ni kuma na ɗauka taɓin hankali ne. Shi ne Mushe Kojo, wato Malam Kojo a bakin masu Faransanci, tsohon akawun gidan waya na Malanville, can ƙetaren kogi. Ran da na tambaye shi abin da yake yi da su, ya miƙo mini guda ya ce in cire masa tambur ɗin. Kun ji yadda na cire shi.

Wata shida na farko a hannunsa ban yi komai ba sai jiƙo. Kowace Lahadi bayan ya dawo daga cocinsu nakan ƙetare gada in same shi a tsakar gida, ya tura mini kwano da tarin ambulan. Ka yanke takardar da almakashi nesa da tambur, ka sa a ruwan randa, ba mai ɗumi ba, ka jira har ya saki da kansa ya yi iyo. Ba a jan sa. In ambulan ja ce ko rawaya, kwanonta daban, domin rininta yana fita ya ɓata sauran. Ka kife su a kan tsohuwar jarida, in sun sha iska ka jera su cikin littafi ka ɗora dutse. Na taɓa gajiya na shanya su a rana don su yi saurin bushewa, suka nannaɗe kamar busasshiyar kuɓewa, launinsu ya koɗe. Ran nan Mushe Kojo ya sa na koma gida ba tare da na taɓa komai ba har Lahadi biyu.

Kayan aikin duka suna shiga aljihun riga ɗaya, kuma waɗanda ya bar mini su ne har yau a gabana. Akwai matsefata mai faɗin baki, ba irin ta cire ƙaya ba, domin mai tsini tana huda takarda, yatsa kuma yana barin maiƙo. Akwai lup, madubin nan mai ƙara girman abu. Akwai ma'aunin haƙora, wani ɗan kwali mai layukan ɗige-ɗige da ake ɗora gefen tambur a kai a ga wane layi haƙoransa suka dace da shi. Akwai ɗan baƙin faranti: ka kife tambur a ciki, ka ɗiga masa isansi, wato man fetur, sai tambarin da ke ɓoye cikin takardar ya bayyana na ɗan lokaci kafin ya bushe. Sai katalog, littafin da ke jera tambur na kowace ƙasa da kimarsa. Nawa na Faransanci ne, ya tsufa, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Farashin da ke ciki ya wuce zamani, amma wanda ya nuna mai yawa ne har gobe mai yawa ne.

Wata rana ya ajiye mini tambur biyu koraye a kan faranti, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya. Ya ce, "Wanne ya fi?" Na duba gaba, na duba baya, na ce ɗaya suke. Ya ce in auna. Na auna na ce ɗaya suke. Ya ce in sake. Sai a karo na uku na lura haƙoran guda sun fi na ɗayan ƙanƙanta, abin da ido kaɗai ba ya kamawa. Na yi tsalle, na ɗauka mun yi arziki. Ya ce, "Wannan zai saya maka shinkafa da kifi sau ɗaya. Wancan ko goro ba zai saya ba." Daga nan na fara gane sana'ar. Yawancin wahalar da ake sha ana shan ta ne a kan bambancin farantin shinkafa.

Abin da ya fi wuyar shiga kunnen mutane shi ne tsufa ba shi ne tsada ba. Mushe Kojo yakan ce da tsufa ne ke sa tsada, da duwatsun bakin kogi sun fi zinariya. Tambur ɗin da ya fi kowane yawa shi ne na kuɗin wasiƙar talaka, wanda aka buga kamar yashi don kowa ya saya. Ya yi shekara tamanin a akwati, to, 'yan uwansa ma sun yi shekara tamanin a akwatunan wasu. Saboda haka in an kawo mini guda, bi da bi nake tafiya. Wace ƙasa, kuɗinsa nawa, wane launi. Sai haƙora, cikakku ne, kuma wane awo. Sai baya, an ɓamɓare ko lafiya lau. Sai tambarin ɓoye, a tsaye yake ko a kife. Daga ƙarshe kashen da gidan waya ya buga masa: ana karanta sunan gari da rana, ko kuwa baƙin tawada ne kawai ya dame fuskar. Cikin ɗari, casa'in da tara amsarsu guda ce, kuma ba amsar da mai shi yake so ba ce.

Masu saye a wancan lokaci Nasaran da ke aikin fadamun shinkafa ne da na asibiti, sai malaman lekol, sai wani ɗan kasuwa daga Kotonu da ke zuwa sau biyu a shekara ya auna na gama-gari da sikeli kamar barkono. Akwai wani likita da ba ya sayen komai sai mai hoton tsuntsu. Akwai wani ma'aikacin duwan da ke tara na raƙumin dawa da gauraka da ƙasarmu ta buga da aka samu 'yanci, ya cika littafi ya bai wa 'yarsa. Kayan kuwa direbobi ke kawo mini, buhu-buhu, daga ofisoshin masu fiton kaya na Kotonu da Lome, inda ake share ambulan a zubar. In ba su kuɗin shayi, su sauke mini. A buhu ɗaya sai ka yi sati uku kana tsinta ka samu ashirin masu ɗan amfani.

Sau ɗaya tak na ci karo da babban abu. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta aiko a kira ni, za ta ƙona takardun mijinta marigayi, ta ce in duba ko akwai abin da nake so kafin a sa wuta. A ƙasan akwatin ƙarfe na samu wata ambulan ta zamanin Faransa. Tambur ɗin da ke kanta na banza ne, ina da irinsa talatin. Amma kashen da ke kansa ya fito tsaf, na wani ƙaramin gidan waya ne na bakin kogi da aka rufe tun kafin a haife ni, kuma a bayanta ga kashen kowane gari da ta bi har ta iso. Na ce, "Hajiya, wannan kada a taɓa ta, da ita da tambur ɗin tare suke da kuɗi." Ta ce, "Kai dai ka sani, Malam Garba." Ɗan Kotonun nan ya saye ta, muka raba biyu da Hajiya, da rabona na sayi tol, kwanon rufi, na rufe ɗakina. Shekara arba'in, sau ɗaya. Ku riƙe wannan lissafin kafin ku ce sana'ar arziki ce.

Mummunar shekara ta zo mini ne da damina. Kun san ruwan Gaya ba irin na arewa ba ne. Yayana ya kwanta ciwo a Dosso, na tafi jinya da niyyar kwana goma, na yi wata biyu. Kayana duka suna cikin akwatin katako a ƙasa, a ɗakin laka. Da na dawo na buɗe, wari ne ya fara tarbata. Danshi ya tashi daga ƙasa, sababbin tambur masu ƙaro a baya sun manne da juna sun zama tubali. Gara ta shigo ta gindin akwati ta bi littattafan tana cin hanya, ta ci na shekara goma sha biyar, ta bar mini ƙasa-ƙasa. Waɗanda ta ƙyale kuma sun yi ɗigon tsatsa. Na zauna kwana huɗu ina tsinta, na fitar da kashi ɗaya cikin uku. A wannan tsakanin ne kuma Nasaran suka fara tattara nasu ya nasu, salula ta shigo, wasiƙa ta ƙafe. Na koma cika wa mutane takardun neman aiki da na katin shaida don a ci tuwo. Tun daga lokacin ba na ajiye tambur sai a gwangwanin ƙarfe, a kan bulo, da ƙullin gawayi a ciki don ya sha danshi. Mushe Kojo bai ga wannan shekara ba, ya riga ya rasu.

Aikin da nake so ku saurara da kyau na bara waccan ne, gab da saukar damina, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse kowa yana gyaran garma. Da hantsi kabu-kabu ya sauke mutum biyu a gaban teburina. Babban na gane shi, Malam Hassan ne na Karakara, wanda na daɗe ina rubuta wa wasiƙu zuwa ga wansa a Kumasi. Ɗayan saurayi ne mai shekara kamar ashirin da biyar, Sani, ɗan ƙanwarsa. Ubansa ya rasu, Sanin ne ke riƙe da gidan, da uwarsa da matarsa da ƙannensa huɗu.

Muka gaisa. Malam Hassan ya ce, "Malam Garba, da ƙyar na jawo shi nan. Shagon aika kuɗi za shi. Na ce ko don girmana ya tsaya ka duba abin nan tukuna."

Sani bai zauna ba. Ya cire fil daga aljihun rigarsa, ya fito da ƙyalle, cikin ƙyallen leda, cikin ledar ɗan jan tambur. Ya ce, "Baba, a yi hankali da shi."

Kafin in taɓa shi na sa aka ba ni labari. Sani ya same shi ne a akwatin kakansa, wanda ya yi fataucin goro zuwa Najeriya a zamanin Turawa. Ya ɗauki hotonsa ya sa a wani dandalin salula. Kwana biyu sai ga wani ya kira shi, ya ce daga Turai yake, ya ce irin tambur ɗin nan uku kaɗai suka rage a duniya, akwai mai saye a shirye, miliyan takwas na sefa. Abin da ya rage kawai Sani ya aika jika ɗari uku, wato sefa dubu ɗari uku, na takardar shaida da na duwan, kuma a yau kafin azahar, in ba haka ba mai sayen zai tafi.

Na ce, "Jika ɗari uku a ina ka samo?"

Malam Hassan ne ya amsa. "Shanun huɗarsu biyu ne. Jiya ya kai guda kara ya sayar. Uwarsa tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba."

Sani ya ce, "Kawu, in kuɗin nan ya zo shanu goma zan saya mata."

Na ɗauko matsefata na ɗora shi a kan faranti, ina dubawa ina faɗa da ƙarfi don su ji. Na Najeriya ne, kwabo ɗaya, ja. Hoton sarkin Ingila ne, uban sarauniyar nan da ta daɗe, tsakanin itatuwan kwakwa. Na auna haƙora, awon da aka saba ne, uku ma sun gutsure a gefen dama. Na kife shi na ɗiga isansi, ga kambi da haruffa sun fito a tsaye, yadda suke a kowane. Kashen ya dame, ba a karanta gari balle rana. Na ɗaga shi a rana, haske yana ratsa tsakiyarsa.

Na ce, "Kai ka cire shi daga ambulan?"

Ya ce, "Ni ne. Da reza."

Na ce, "To, Sani, tambur ɗinka na gaskiya ne, kuma tsoho ne, ya girmi kawunka. Amma shi ne wanda kowa ya liƙa wa wasiƙa a zamaninsa. Da lafiyarsa ƙalau, dala biyar, sefa ashirin da biyar ke nan. Yadda yake ɗin nan, sai dai ka ajiye shi don kakanka."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya dubi kawunsa ya ce, "Ka ji ko? Mutumin ya gaya mini. Ya ce in na kai wa dillalan gida za su ce ba shi da amfani, don su karɓe shi a banza su sayar da kansu." Ya miƙo hannu. "Baba, ba ni abina."

Na ba shi. Sannan na sunkuya ƙarƙashin tebur na jawo wani gwangwanin madara, na buɗe, na juye a kan tire. Jajayen kwabo ɗaya suka zubo, sun fi ɗari huɗu, fuska ɗaya, itatuwa ɗaya, har wasu suka faɗi ƙasa. Malam Hassan ya ce, "La ilaha illallahu." Sani ya tsaya yana kallo, ya ɗauki guda, ya kara da nasa, ya ajiye, ya ɗauki wani. Can ya ce, "Nawa daban ne. Mutumin ya duba hoton da na'ura, ya ga abin da ba ka gani ba." Ya dubi salularsa. Rana ta fara ɗagawa.

A nan na san lup da katalog sun gama nasu. Mutumin da ya sayar da sa ba zai yarda da tsoho mai gwangwani ba, domin in ya yarda, ya yarda ke nan ya sayar da san a banza. Sai na ce, "Shi ke nan. Ba ni rabin sa'a kawai, ka tafi ka aika. Shagon ba ya gudu." Na tona cikin tarin na zaɓo wanda ya fi kowane lalacewa, kusurwa ɗaya babu, gara ta ci kunnen sarkin, ga ɗigon tsatsa. Na kira Zali, maƙwabciyata mai shagon fotokopi. Na ce, "'Yata, taimaka. Ɗauki hoton wannan da salularki, ki aika wa lambar da yaron nan zai ba ki. Ki rubuta da Faransanci cewa kin same shi a kayan mijinki, ba ki san kimarsa ba."

Sani ya ba da lambar. Zali ta aika. Muka zauna. Na sa aka kawo ruwan sanyi, Malam Hassan ya sha, Sani ya ƙi. Kamiyo suna ta wucewa zuwa gada.

Ko minti goma ba a yi ba salular Zali ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Ta buɗe ta ɗora a kan tebur, a tsakiyar jajayen tambur ɗin nan. Murya mai taushi ta fito da Faransanci, ni kuma ina fassara wa Malam Hassan. Madam, Allah ya yi miki arziki. Na duba da na'ura. Irin wannan uku kaɗai suka rage a duniya. Akwai mai saye a shirye, miliyan takwas. Ki aiko jika ɗari uku na takardar shaida da na duwan, yau kafin azahar. Kuma kada ki nuna wa dillalan gida.

Zali ta fashe da dariya, ta ga fuskar Sani, ta rufe bakinta. Shi kuwa ya ce, "Sake sa shi." Ta sake. Ya ciro tasa salular ya buɗe saƙon da aka aiko masa, ya kara a kunne. Murya ɗaya, kalmomi ɗaya, sai dai inda aka ce Madam an ce Mushe. Ya zame ya zauna a ƙasa, a gefen kwata, ya dafe aljihun da kuɗin suke.

Malam Hassan bai ce masa na gaya maka ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Tashi. Kuɗin yana jikinka, alhamdu lillahi. Mu je mu ga ko san bai ƙetare ba."

Na tattara tambur na mayar gwangwani, na bar wa Zali tebur, na bi su, domin na san wani dillali a kara. Muka same shi a rumfa. Da ya ji siffar san, fari mai baƙin wuya da karkataccen ƙaho, ya girgiza kai ya ce, "Tun da asuba aka loda shi. Yanzu ya wuce Kamba." Muka zaga karar sau biyu. Damina a bakin ƙofa, kowa yana neman san huɗa, mai shi ba ya saki, wanda ya saki kuma ya san abin da yake yi. Kuɗin da ya fita da ƙosasshen sa jiya bai iya dawo da irinsa yau ba. Daga ƙarshe abin da ya samu wani ɗan bijimi ne ja, bai gama girma ba, bai taɓa ɗaukar karkiya ba. Malam Hassan ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya matsa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Lafiyayye ne. Sai dai za ka sha wuya da shi." Sani ya biya. Bai yi mini godiya ba, ban kuma jira ba. Ya kama igiya, suka nufi inda ake loda dabbobin ƙauye.

Salularsa ta yi ta ƙara muna cikin kara. Sau uku ya duba ya mayar aljihu. A na huɗu ya miƙa wa kawunsa, Malam Hassan ya karɓa ya ce cikin Hausa, "Bawan Allah, mun samu sauran ɗari huɗun, kawo naka kuɗin mu aiko maka." Aka kashe daga can.

Bayan kamar wata biyu wani tsohon malamin lekol ya aiko in je Karakara in duba masa kwalin wasiƙu. Ban samu komai a ciki ba sai na gama-gari, na gaya masa, muka ci abinci. Da zan dawo na tambayi gidan Malam Hassan, aka ce yana gonar ƙanwarsa. Na same shi zaune a gindin giginya yana gyara ƙotar hauya. Gero ya kai gwiwa, baƙi ƙirin don ƙoshi. Amma ban taɓa ganin huɗa irin wannan ba. Layukan sun tafi sun lanƙwashe, wani ya shiga cikin wani, wani ya tsaya a tsakiya ya sake farawa, domin babban san yana ja gaba, ƙaramin yana ja gefe. Malam Hassan ya ce kwana goma sha biyu suka yi a gonar da ake gamawa a biyar, ɗan bijimin ya karya karkiya ɗaya, ya kuma taka Sani a ƙafa har ya yi sati yana ɗingishi. Duk wanda ya wuce ta hanya sai ya tsaya ya yi dariya.

Sani yana can ƙarshen gona da shanun biyu, yana buɗa wata 'yar saura da zai zuba wake. Ya hango ni, ya ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da garma. Ƙaramin san ya nemi kaucewa, ya daka masa tsawa, ya dawo layi.

Na ce, "Malam Hassan, wannan huɗa sai ku."

Ya tofar da tsinken da ke bakinsa, ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "Kunyoyin sun karkace, Malam Garba. Amma gero bai san da haka ba."